Ɗan Tanderun da Inna Ta Zuba wa Ruwa

Shekarun da kuɗin mai suka sauko wa ƙasar nan, ina aiki da wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa a Sakkwato. Soja ke mulki, siminti kuwa duk inda ka waiwaya ga buhunansa jibge a bakin hanya, kowa na gini kamar gobe za a hana. Ni ma na samu ɗan fili a Mabera, lokacin tana rabi gari rabi gonar gero, na tsayar da ɗaki biyu na sa amaryata a ciki, wadda ita ce uwargidana har yau. Iyayena suna can tsohon gidanmu na Ƙofar Dundaye.

Cikin manyan kamfanin akwai wani injiniya mutumin Jafan, gajere, marar yawan magana. Wata rana na kai masa takardu gida, na tarar da shi tsugune gaban wata 'yar tukunyar yumɓu koriya mai sheƙi, da murfinta, ba ta wuce tulu girma ba. Ya ɗaga murfin, ƙamshi ya buge ni. Na tambaye shi naman mene ne, sai ya yi mini kukan tunkiya ya nuna hanyar kasuwa. Na yi bisimilla na kai baki. Gasasshen nama ne, da hayaƙinsa da komai, amma kafin haƙorina ya taɓa shi ya narke. A tsaye nake wurin, Baba ya faɗo mini a rai.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, kuma a unguwarmu shi ne uban tareni. Mu a Sakkwato ran babbar salla ba mu daddatsa rago. Feɗe shi ake yi, a baje shi a kan itace biyu da aka gicciya, a kafa raguna su kewaye wuta guda babba, su yini suna shan zafi daga nesa. Wannan shi ne tareni. Maza kuwa su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana cin hanta da kayan ciki, ana yanko gefen da ya nuna, ana gardama. Tun ina yaro Baba ne a tsakiyar tabarmar nan, shi ke cewa a matso da wannan, a juya wancan.

Sai haƙora suka ci amanarsa. Na gaba suka zube, turame suka ruɓe aka cire su a asibiti. Na sai masa na roba, ya sa su yini ɗaya ya ce bakinsa ba kanti ba ne, ya jefa su cikin adaka. Salla uku a jere Baba ya yanka ragonsa, ya ga an kafa shi, sannan ya sulale ciki ya ce kansa ke ciwo. Inna ta dafa masa nama ligif ta kai masa ɗaki, ya ce dafaffen nama na majinyaci ne. Romo kawai yake kurɓa, shi kaɗai, yana jin dariyar abokansa ta kan katanga. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, ban kuma taɓa samun bakin yi masa magana a kai ba.

Da aikin injiniyan ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya kira ni ya nuna tukunyar ya nuna ni. Ashe ya lura da yadda nake kallonta. Ya duƙa yana nuna mini wata 'yar ƙofa a gindinta da wata a saman murfin, yana matse yatsunsa biyu, yana ta bayani da guntun Turancinsa. Ina ta gyaɗa kai, amma gaskiya ban saurara ba. A raina cewa nake, ni ɗan Sakkwato, ɗan uban tareni, wani zai zo daga bayan teku ya koya mini gashin nama? Na ɗaure ta a bayan babur da tsumma na yi gida. Saura wata biyu salla.

Uwargidana ta kewaya ta sau biyu ta ce, “Malam, mi na wanga? Tulu na ko tanderu?” Daga ranar sunan tukunyar ya zama tanderu.

Ranar farko na cika shi da gawayi, na tuttula kananzir kamar yadda kowa ke yi, na ƙyasta ashana. Na bar murfin a buɗe na kama mafici ina fifita, sai ka ce mai tsire a bakin tasha. Wuta ta tashi har tana gurnani. Kafin in ɗauko yaji naman ya yi baƙi ƙirin a waje, ciki kuwa jini. Uwargida ta ɗan gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, “Yau hitila munka ci ke nan.” Yumɓun ya sha kananzir. Kwana huɗu ina ƙona gawayi zalla a ciki kafin warin ya fita.

Na biyu na rufe murfin, amma hannuna ya ƙi zama. Mu da muka saba ganin nama da ido yana nuna, yaya za a ce ka rufe shi ka koma gefe? Minti biyu in ɗaga, minti biyu in ɗaga. Duk ɗagawa zafin ya tsere, garwashin kuma ya samu iska ya harzuƙa. Naman ya fito a bushe, da tauri kamar takalmin fata. Na uku da na huɗu ma ba su da labari mai daɗi. Akuyar maƙwabta ce kawai ta ƙaru da ni, don har albasar da na zubar ta cinye.

Abin da ya koya mini, Juma'a ce. Na makara, na riga na ɗora ƙafar rago a kan ragar ƙarfen da ke cikin tanderun, sai na ji ana kiran salla. Don kada wuta ta cinye naman kafin in dawo, na rufe murfin, na tura 'yan ƙofofin nan biyu har saura ƙiris, da niyyar wutar ta mutu. Daga masallaci aka ja ni gaisuwar rashin lafiya, daga can aka tsaya hira. Sai bayan la'asar na shigo gida. Na taɓa jikin tanderun na ji shi da zafi, wani siririn hayaƙi na fita ta sama. Da na ɗaga murfin na ja ƙashin, sai ya zaro a hannuna fes, naman ya zauna a wurinsa. Na tuna yatsun injiniya biyu da yake matsewa. Kunya ta kama ni, ga shi mutumin ya riga ya yi nisa, ba halin in ba shi haƙuri.

Na sake gwadawa sau uku, duk ya yi. Gawayi kaɗan, a kunna shi da ƙirare, a jira jikin tukunyar ya ɗau zafi, a rage iska, sannan mutum ya tafi ya nemi abin yi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya.

Saura kwana uku salla na kai tanderun Ƙofar Dundaye da safe. Baba yana kasuwa, ban kuma so ya sani. Na kunna shi a tsakar gida don in ga yadda gawayin gidan yake ci, na bar murfin a buɗe ya kama, na fita zaure gaisawa da wani ɗan'uwa. Ina can na ji wata ƙara, ƙas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya.

Na shigo da gudu. Inna na tsaye da buta a hannu, tururi na tashi. Tsaga ta taso tun daga gindin tanderun har bakinsa.

Duk macen da ta girma a gidan da ake sayen gawayi ta san wannan. Ba a barin garwashi ya ci banza. In babu tukunya a kai, ruwa ake yayyafa masa, a shanya, gobe a sake kunnawa. Inna ta yi shekara arba'in tana yin haka a murhunta na ƙarfe, ba abin da ya taɓa fashewa. Amma a lokacin ban tuna da ko ɗaya ba. Ina da zuciya, na gaje ta wurin Baba, kuma ranar ta fito duka.

“Wa yac ce ki taɓa shi? Wa yas sa ki? Wata biyu ina wahala da abinga!”

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi butar, ta ajiye ta a hankali.

“Gawayi na nig ga shina ƙonewa banza,” in ji ta. “Ban san shina hwashewa ba.”

Na juya na fita, na hau babur. Ban tsaya ba sai Mabera. Uwargida ta ji labari, ta dai ajiye mini abinci ta koma ɗaki, wanda ya fi mini zagi ciwo. Tsagar ba ta dame ni kamar fuskar Inna ba. Har yau da furfura ta cika mini kai, in na tuna yadda ta ajiye butar nan sai in yi istigfari.

Washegari da hantsi na koma in ba ta haƙuri. Na tarar da tanderun a inuwar rumbu, an ɗaure shi da waya zagaye uku, tsagar an cike ta da jan yumɓu. Ashe tun jiya Inna ta naɗe shi a zane ta ɗora a ka, ta taka har unguwar magina tukwane, wurin wata tsohuwar ƙawarta. Su biyu suka kwaɓa yumɓu da garin tsohon kasko da kashin jaki suka liƙe shi. Na durƙusa na fara magana, ta katse ni.

“Tashi. Ta ce a bar shi inuwa kwana biyu, kuma wuta kaɗan-kaɗan za a hwara mai. Don tsohonga na kaka yi, ko?”

Na ce e.

“To mi ya hana ka hwaɗa min tun hwarko?”

Ran salla, bayan an sauko idi Baba ya yanka ragonsa. Na ja mahauci gefe na roƙe shi ya sauko da wuƙa in zai cire kai, ya bar mini wuyan duka, don in an taɓa kafaɗa ko cinya tarenin zai lalace, Baba kuma zai gani. Na shafa wa wuyan gishiri da yaji na kai cikin gida. A waje raguna tara sun kewaye wuta, ni kuwa ina tsugune gaban 'yar tukunya mai ɗaurin waya. Wani ƙanen Baba ya leƙo ya ce, “Ɗan boko, turare kaka yi wa ragon?” Aka kwashe da dariya. Na haɗiye, don na riga na kashe rabona na faɗa na shekarar.

Ɗinkin bai kama duka ba. Hayaƙi na tsiyaya ta wani gefe, iska na shiga, wuta na neman tashi. Inna ce ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ni, da ɗan curin yumɓu a ganye. Duk inda hayaƙi ya ɓullo sai ta dangwala ta toshe. Sau biyu hannuna ya kai kan murfin, sau biyu tana buge shi. Haka muka yini.

Baba tuni ya shige ɗaki da ciwon kansa. Bayan la'asar na buɗe. Na juye wuyan a akushi, Inna ta rufe da faifai, na yi sallama na shiga. Yana kishingiɗe, rediyo a kusa da kunnensa.

“Na hwaɗa muku ba ni son dahwahwe.”

“Ba dahwahwe ba na, Baba. Ku dai duba.”

Ya ɗaga faifan. Ya daɗe yana kallon ɓawon da wuta ta yi wa naman, ya sunkuya ya shaƙa. Ya ce in sakaya ƙofa. Sannan ya sa yatsa biyu ya ɓara, ya kai baki, ya juya fuskarsa bango. Ina tsaye ina kallon ƙeyarsa da kunnuwansa suna motsi. Ya sake ɓara. Ya sake. Idona ya cika, na yi ta kallon rufin ɗaki kamar mai ƙirga azara.

Can ya goge baki da bayan hannu, bai dube ni ba.

“Gishiri ya yi kaɗan,” in ji shi.

Daga bayan ƙofa na ji Inna ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da shessheƙa. Baba ya laluba ya ɗauko hularsa ya sa, ya gyara mata zama, ya miƙa mini hannu na tashe shi. A waje ana jin muryar ƙanensa yana ba da umarnin a juya raguna.

“Ji shi, zai ƙone muna layya,” in ji Baba. “Ɗauko akushin. Waje za ni ci.”