Na Yaɓe Lawwali a Bango

Jama'a, a baccina na jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Bari in fara gaya muku tushen maganar.

Sana'ata zanen gini, adon nan da ake fitarwa da laka a fuskar zaure. Ni da abokina Lawwali wurin maigida ɗaya muka koya a Zariya. Bara wani gidan tarihi a ƙasar waje ya nemi magini na wata tara, da irin bizar da ake ba masu baiwa ta musamman. Sai ka nuna hotunan aikinka da wasiƙun manyan da suka shaide ka. Na ba Lawwali hotunan zauruka bakwai da na zana, ya gyara mini a kwamfuta don ya fi ni iyawa. Ashe ya riga ni miƙawa, da sunansa. Shi aka ba. Ni kuwa aka ce hotunan nan an riga an gan su a takardun wani.

To, a mafarkin na gan ni a layin ofishin jakadanci, amma ofishin a cikin kududdufin da muke haƙar laka yake. Babu ruwa, sai kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Baturiyar da ke bayan gilashi tana magana da muryar marigayiya Goggona. Ta ce, "Mai aiki ya ɗora hannu a kan aikinsa."

Sai kawai bangon zauren da na fi wahala a kansa ya taso daga ƙasa, ɗanye sharaf kamar yanzu na gama shi. Ga Lawwali da kwat da akwati mai taya. Ya yi mini murmushi, ya ɗora tafinsa a kan zanen. Hannun ya nutse har gwiwa, sannan kafaɗa. Akwatin ya buɗe, babu komai a ciki sai hotunana, suna ta zubowa.

Ya kira sunana, "Sadisu, ɗan uwa, jawo ni mana!"

Na durƙusa na kwaɓa laka, na kwaɓa ta da kyau, na zuba ciyawa, ban yi sauri ba. Daga ƙafafu na fara yaɓe shi. Da na zo baki yana cewa, "Aro na yi, wallahi aro na yi," na cika shi da dunƙule guda na shafe da bayan hannu. Idanun na bari sai ƙarshe, don ya ga yadda ake aikin da ya ce nasa ne. Na zana dagi a kan ƙirjinsa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa a farke ba.

Baturiyar ta buga mini hatimi, ba a fasfo ba, a tafin hannu.

Sai kawai ga ni a jirgi. Mai raba abinci ta sunkuyo, ashe Inna Mero ce, mahaifiyar Lawwali, da kwanon ɗumamen da take ajiye mana muna koyon aiki. Ta ce, "Sadisu, ba ka gan mini Lawwali ba? Nasa na hucewa." Na ɓoye hannuwana a ƙarƙashin cinya, lakar tana ɗiga a kan kujera. Ta tsaya tana jira. Nan na farka.

Abin da ya sa nake tambaya: ina da bidiyon kaina ina zana zaurukan nan, kuma masu gidajen sun yarda su shaide ni. Na rubuta ƙara zuwa ofishin jakadancin tun makon jiya, turawa kawai ya rage. In na tura, mai yiwuwa a soke bizarsa, shi kuwa ranar Alhamis zai tashi. Raina har yanzu yana so in ga ya dawo daga filin jirgi yana jan akwati a gaban 'yan unguwa.

Masana fassara, don Allah ku duba mini. Mafarkin nan izini aka ba ni in karɓi haƙƙina, ko kuwa Inna Mero aka turo ta riƙe mini hannu?