An Soye Min Irin Riɗi

Jama'a, yau na cinye gonata da cokali!

Jikata Hadiza ta zo hutu daga Bici. Ta yanka kabeji da karas da kokwamba ɗanyu, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa soyayyen riɗi. Wai salak ɗin 'yan Sin ne. Yana ƙaras-ƙaras a baki, har na nemi ƙari.

Na ce, "Amarya, ina kika samo riɗin nan?"

Ta ce, "Cikin goran da ka rataye a ɗaki, Angona."

Irin shukata ne fa! Ta soye shi kaf.

Na daka mata tsawa, ta ce, "Ai kai ka suɗe kwanon."

Raina a ɓace yake, kar wanda ya yi dariya. Duk mai iri, don Allah ya aiko min kafin ruwa ya sauka.