Hancin da Ya Karkata Dama

Matar yayana, Basdaye, wadda nake kira Bauji, ba ta taɓa burge ni da daɗin baki ba. Shekara arba'in da biyu muna katanga ɗaya a ƙauyenmu na kudancin Trinidad, ban tuna ranar da na ce fari ita ma ta ce fari ba. Amma in ana maganar aikin hannu, dole a sara mata. Ita ke gina mana Ganesh, abin bautarmu na addinin Hindu, duk shekara.

Wajen ubanta ta gada. Tsohon, yankan rake yake yi, 'ya'ya shida ya haifa duk mata, da ya gaji da jiran namiji sai ya ja ta bakin kogi tana 'yar shekara tara, ya nuna mata inda yumɓu mai kyau yake. Ta auri yayana, ya mutu ya bar ta da yara huɗu, ta raine su da sayar da mangwaron yaji a kasuwar Penal. Duk wannan bai taɓa hana ta shiga laka ba in damina ta yi nisa. Sati uku take yi a rumfar bayan gida, ta fito da shi zaune daram: kan giwa, tumbi kamar randa, haure ɗaya a karye, ɗan ɓeransa a gindin ƙafa, dogon hanci ya lanƙwasa hagu wajen kwanon alewar ladu. Kwana goma muke yi masa hidima a mandir, ɗakin ibadarmu, rana ta ƙarshe mu kai shi kogi ya narke, ya koma inda aka ɗebo shi.

Shekarar da ta cika sittin da shida, wata safiya tana murza roti, gurasarmu, ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin dama ya shanye. Hannun ya kwanta a cinya, baki ya ja gefen hagu, harshe ya yi nauyi, ko sunanta ba ta iya faɗa. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Ita kuwa harara ta yi ta bina da ita har na share fuska.

Abu ɗaya ya rage a bakin nan, wuridin Ganesh mai kawar da abin da ya tare hanya: Om gam Ganapataye namaha. Ruwan sha ba ta iya roƙa, amma wannan yana fita ko da da ƙyar ne. Ta riƙa jan carbinta mai ƙwaya ɗari da takwas da hannun hagu, safe da yamma, har magana ta fara dawo mata kaɗan-kaɗan. Zagi ne ya fara dawowa, kuma ni na fara sha.

Ana haka sai ga Budram, shugaban kwamitin mandir, mai kantin kayan gini, ya zo gaisuwa da ayaba a leda.

"Tanti, bana ki huta," in ji shi, don haka ake kiran dattijuwa a wajenmu. "Na sayo mana na roba daga San Fernando, fentinsa har ɗaukar ido yake. Mu tsoma shi a kogi mu tsamo, baɗi mu sake amfani da shi."

Ta daɗe tana kokawa da harshe kafin ta samu abin da take nema. "Kai... za a tsoma."

Washegari ta sa ni tura baro har bakin kogi. Ni da ciwon gwiwata nake haƙa, ita tana zaune a kan bokiti tana nuna min wuri da sanda.

"Sumintra, ba nan ba. Makauniya."

"Bauji, in kin fi ni gani sauko ki haƙa."

Sati biyar ta yi tana ginin da hannun hagu. Kunne ya faɗi sau uku, ta mayar sau uku, wuridi na fita ta gefen baki da miyau. Ranar da ta ja hancin ina kasuwa. Ta rufe shi da buhu kamar yadda ubanta yake yi, kuma a ƙa'idarsu ba mai ɗagawa sai ya bushe.

Saura kwana huɗu biki muka ɗaga buhun. Sai ga hanci ya karkata dama. Tsawon rayuwarta hannun dama ke janyo hancin zuwa gefensa, sai ya sauka a hagun Ganesh. Bana hagu ne ya yi aikin, ya janyo zuwa nasa gefen, hanci ya tafi dama. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan ba abin wasa ba ne. Mai hanci a hagu mai sanyin hali ne, ko ka manta furensa ba ya riƙe ka. Mai hanci a dama zafi gare shi, saurin amsawa da saurin fushi, ba a girke shi sai da wanda zai ɗauki nauyin sharuɗɗansa ba tare da kuskure ba.

"Bauji, ba a zana masa idanu ba tukuna, bai zama abin bauta ba," na ce. "Mu karya hancin mu liƙa wani, wa zai sani?"

Ta zauna tana kallonsa. Bakinta ya ja gefe, hancinsa ya ja gefen nan ɗin, kamar mai duba madubi.

"Nawa ma ya karkace," ta ce. "Zo ki karya."

Na bar hancin yadda yake.

Da la'asar muka ɗora shi a baro zuwa mandir. Mutane sun cika, na robar Budram yana cikin kwalinsa a bakin ƙofa. Pandit ɗinmu, wato limaminmu, tsoho mai haƙuri da muke kira Baba, ya zagaya Ganesh sau biyu yana shafa gemu.

"Kun gani ko?" Budram ya ɗaga murya. "Ni ba na son ɓata wa Tanti rai, amma wa zai jawo mana fushi a gari? Ga lafiyayye nan a kwali."

"Basdaye, kin san abin da yake nema," in ji Baba. "Kwana goma, wanka kafin fitowar rana, ci sau ɗaya ba gishiri, wuridi zagaye goma na carbi kowace safiya, a bayyane, ba tsallake. Wa zai ɗauka?"

"Ni."

Wani ya yi dariya a baya. Budram ya ce, "Baba, matar da sunanta ma sai an taya ta?"

Raina ya ɓaci har na fara neman takalmina. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dafa baro ta miƙe, ta ciro carbi daga wuya, ta fara. Na farko ya fito a karye. Na biyu ma haka. A wajen na talatin harshe ya sarƙe a tsakiyar sunan, ta tsaya, gumi na zuba. Tausayi ya kama matan da ke gaba, suka ɗauka mata wuridin a hankali.

Ta buga sanda a ƙasa. "Ku yi min shiru! Nawa ne."

Ta koma kan ƙwayar da ta tsaya, ta ja shi da ƙarfi ya wuce. Ta kai ɗari da takwas a tsaye, ƙafar dama na rawa. Baba ya matso kusa da ita. Ya ɗauko ɗan kaskon baƙin fenti da tsinke ya miƙa mata, ta sa wa Ganesh idanu da hannun hagu a gaban kowa.

Kwana goman nan na ci kabewa ba gishiri tare da ita, ba don ibada ba, don kada ta ce na gaza. Ba ta tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Rana ta ƙarshe aka ɗauke shi da ganguna zuwa kogi, Budram da kansa yana riƙe da kusurwa ɗaya ta katakon, fuska a murtuke. Ruwa ya ci tumbin, ya ci kunnuwan, hancin ne ya narke a ƙarshe.

Mutane suka juya wajen rabon alewa, ita ta ƙi tashi daga kan bokitinta. Ta sunkuya ta ɗebo laka da hagu, ta buɗe shanyayyen hannun nan ta zuba a ciki, ta matse yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Bauji, me kuma kike yi?"

"Ba da ke nake ba," ta ce. Ta girgiza hannun, laka na tsiyaya ta tsakanin yatsu. "Kai, hutun ya isa. Baɗi da kai za a yi."