Akuyar da Inna Ta Bari

Har yau in na ji ƙamshin garin ɗorawa, sai in ga kakata zaune a ƙofar ɗakinta a Sara, igiyar akuya ɗaure a ƙafarta.

Akuyar ta Inna ce, mahaifiyata. Da Allah ya yi mata rasuwa, ita kaɗai ta bar mini, da ciki. A damina ta farko bayan an ba mu jiha, sabuwar ciyawa ta sa mata zawo, ta rame har ana ganin haƙarƙarinta. Ka san al'adarmu: dabba in ta kwanta, a yi maza a yanka kafin ta zama mushe. Baffana ya wasa wuƙa. Kaka ta ce sai dai ya fara da tata ƙafar.

Ran kasuwar Gwaram ta aika aka ɗauko malamin dabbobi da ke zuwa daga Birnin Kudu a babur. Ƙwayar tsutsa ta shanu kawai ke jakarsa, kuma ya ce guda ɗaya za ta kashe akuya. Sai ya rungume ta ya ɗaga, ya kimanta nauyinta, ya gutsuri ɗan kaɗan daga ƙwayar ya niƙe a cokali. Ta tofar saboda ɗaci. Kaka ta ɗebo garin ɗorawa, suka kwaɓa shi da maganin, ya dunƙula ƙanana kamar gyaɗa. A tafin hannuna ta lashe su.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta warke sarai ba. Ta miƙe, ta kai lokacin kaka, ta haifi 'yar akuya ja, sannan wata safiya muka tarar da ita a sandare. Mushe. Baffa ya yi ta mita an yi asarar nama.

Kaka ta dube shi ta ce, "Kai nama ka rasa. Yarinyar nan uwa ta rasa, ga abin da ya rage mata yana tafiya da ƙafarsa."

Yanzu kowane shago na sayar da maganin dabbobi, mutane na ɗura wa ɗan akuya abin da aka yi don shanu, in ya faɗi su kira mahauci. Maƙwabta na yi mini dariya don ina sa a auna wa nawa daidai jikinsu. Su yi ta yi. Jajayen awakin da ke garkena duk jikokin akuyar Inna ne, kuma a gidana wuƙa ba ta riga magani fitowa.