Ladanin da aka sauke saboda ra

Jiya na ji sabon ladanin Ƙofar Kwaya yana gara harshe a harafin ra na “Akbar”, na tuna mahaifina, raina ya ɓaci. Shi ra ɗinsa daga maƙogwaro take fitowa, kamar ta masu Faransanci. Haka aka haife shi. Tun babu lasifika yake kiran salla, amma samari suka dawo daga karatu, suka ce kiransa bai inganta ba, suka sauke shi.

Ranar, furarsa har ta tsinke a ƙwarya bai taɓa ta ba. Na ce, “Baba, ƙyale su za ka yi?”

Ya ce, “'Yata, Wanda Ya halicci harshen nan Yana gane ni.”

Shi ya yafe, ni har yau na kasa. Allah Ka jiƙansa, Ka karɓi kiran da suka ƙi.