Farfesa Noeline Trevaskis, Mai Ɗaukar Hoton Laka

Haihuwarta

An haifi Noeline Trevaskis a garin Burnie na tsibirin Tasmania, a ƙasar Ostireliya, ranar 9 ga Mayu, 1949. Mahaifinta, Keith Trevaskis, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta Beryl kuwa tela ce. Ita ce ta uku cikin 'ya'yansu biyar.

Karatunta da Aurenta

Ta kammala sakandare a 1966, ta wuce jami'a a Hobart inda ta karanci kimiyyar fiziya, kana ta sami digirin digirgir a Brisbane a 1976 bisa nazarin maganaɗisu. A 1978 ta auri Desmond Harkin, malamin makaranta, suka zauna a Newcastle, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Aikinta

A 1987 wani asibiti a Newcastle ya ɗauke ta domin kula da sabuwar na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu. A zamanin hoton ƙwaƙwalwa yana fita sarai, amma na laka, wadda ke cikin ƙashin baya, dishi-dishi yake fitowa saboda numfashi da bugun jini. Shekara takwas ta shafe tana neman dabarar magance wannan. A 1995 ta fara gwada dabararta a kan wuyan 'yan wasan zari-ruga arba'in da suka ba da kansu.

Al'amarin Semisi Motuliki

A watan Satumba na 1996, saura kwana huɗu a buga wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta yankin, ta duba hoton Semisi Motuliki, ɗan shekara ashirin da huɗu, ɗan asalin ƙasar Tonga, wanda ƙungiyarsa ta dogara da shi. Ta ga ramin da laka ke bi ya tsuke tsakanin ƙashin wuya na biyar da na shida, kuma ga wani ɗan tabo fari a jikin lakar kanta. Dabarar ba ta sami amincewar masana ba tukuna, kuma ita kanta ba ta da yaƙinin cewa tabon ba inuwar na'ura ba ne. Ta sake ɗaukar hoton sau biyu, tabon yana nan. Ta sanar da likitan ƙungiyar, washegari kocinsu, Barry Quill, ya iso ofishinta tare da ɗan wasan.

Barry ya ce, "Dakta, yaron nan bijimi ne. Likitanmu ya duba shi, garau yake. Ke kin taɓa riƙe ƙwallo ma kuwa?"

Ta ce, "Ban taɓa ba, Barry. Kai ma ba ka taɓa ganin laka ba. Zo ka gani."

Bai matso ba. Semisi ne ya matso, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ki faɗa mini gaskiya, Dakta. In na buga, me zai faru?"

Ta ce, "Wataƙila ba komai. Wataƙila kuma karo ɗaya ya sa a ɗauke ka a kan katako, ka ƙare rayuwarka wani na ba ka abinci a baki. Ban san wanne ba ne. In da ɗana ne, ba zai shiga filin nan ba."

Semisi ya ce, "Mahaifiyata ta taso tun daga Nuku'alofa, babban birninmu, don ta ga wasan nan."

Ta ce, "To ka tambaye ta, wasan ta zo gani ko kai."

Ranar Asabar Semisi bai fito ba, aka kuwa cinye ƙungiyarsa da maki biyu. A makon da ya biyo baya aka fasa gilashin motar Noeline, aka dinga kiran gidanta ana zagi, har Desmond ya cire wayar. Wasu masana biyu suka rubuta cewa tabon ruɗin na'ura ne, hukumar asibiti ta dakatar da bincikenta a watan Nuwamba, ta kafa kwamitin bin bahasi. Ƙungiyar ta sallami Semisi, ya koma tuƙin babbar mota.

Wata goma sha huɗu Noeline ta yi a wannan hali. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta mata ta shaida cewa a lokacin ta rame ƙwarai, kuma abin da ya fi damunta shi ne tsoron ko ta raba saurayi da sana'arsa a banza. A Janairun 1998 hannun Semisi na hagu ya fara mutuwa. Likitan fiɗa a Sydney ya buɗe wuyansa, ya tarar da matsin a daidai inda ta nuna, ya gyara, hannun ya dawo. A watan Afrilu kwamitin ya wanke ta. Barry Quill bai taɓa neman afuwarta ba.

Shekarunta na Baya

An naɗa ta farfesa a 2001. Daga nan ta mayar da hankali kan cutar da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta yaye ɗalibai goma sha tara. Desmond ya rasu a 2009, ita kuma ta yi ritaya a 2012.

Rashin Lafiya da Rasuwarta

A Fabrairun 2015 kalmomi suka fara ɓace mata a tsakiyar magana. Aka shigar da ita na'urar, tsohon ɗalibinta Dakta Rohan Wickramasinghe ya ɗauki hoton. Da ta fito ta ga ya kasa haɗa ido da ita, sai ta ce, "Rohan, juyo mini da allon. Ni na koya maka wannan fuskar ta ɓoye mummunan labari." Ta duba, ta ga ƙarin ciwon daji a gefen hagu na ƙwaƙwalwarta, ta ce wata bakwai ya rage mata, kana ta gyara masa kuskure ɗaya a ma'aunin da ya yi.

Ta rasu a gidanta ranar 21 ga Satumba, 2015, tana da shekara sittin da shida. Bisa wasiyyarta, an miƙa ƙwaƙwalwarta da lakarta ga masu bincike. An yi mata addu'a a coci, aka binne ta a Newcastle kusa da mijinta ranar 28 ga watan. Ta bar 'ya'ya uku: Bronwyn, ma'aikaciyar jinya, Lachlan, kafinta, da Tamsin, lauya, da jikoki biyar.