Babban Yatsan Fiken

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na bakin tekun Rügen ya san Fiken matar Krischan masunci, ya kuma san ba ta nuna mutum da babban yatsanta na dama. Kullum a naɗe yake cikin tafin hannu, kamar ta sato ƙwai. Ni da katanga ɗaya ta raba mu na san mafarin abin.

Fiken 'yar masunta ce, a gyaran kifi da ɗinkin raga ta girma. Ba ta tsoron kare, ba ta tsoron fasto, teku kaɗai ke sa ta yin shiru. A shekarun nan ne masu zane suka fara yi mana zuwan farin ɗango daga birnin Dresden. Ba ruwansu da fuskarka, ƙeyarka suke so: ka tsaya kan dutse ka juya baya, kana kallon ruwa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Wata safiya, bayan Krischan ya fita da jirginsa, wani siririn mai zane ya tsayar da ita, wai yana so ta hau dutse ya zana ta.

Na ce, "Tafi mana, maƙwabciya. Yau dai an samu mai hankalin da ya gane ta baya kika fi kyau."

Ta ce, "Ke ko ta bayan ma ba a nema ba."

Ta tsaya har ƙafa ta yi tsami. Teku kwance lumui, rana tas. Da ya ce ta huta, ta zagayo ta leƙa allonsa. A zanen sama ta yi baƙi ƙirin, igiyar ruwa ta miƙe kamar ginin coci, ga wani ɗan jirgi ya kwanta gefe guda zai nutse. A jikin ƙyallen da iska ke turawa kuwa ga jan faci. Ita ta ɗinka facin nan da hannunta, daga tsohon siket ɗinta. Duk gaɓar nan jirgi ɗaya ke da shi.

"Yallaɓai, wannan ai jirgin maigidana ne."

"Jan ne ya burge ni da safe, uwargida."

"To ka miƙar da shi. Ka kwantar da ruwan."

Ya yi dariya. "Wa zai rataya ruwa kwance a falonsa?"

Mu nan ko kwano ba ma kifewa in namiji yana kan ruwa, balle jirgi sukutum. Tana cikin roƙonsa iska ta juya, tsuntsaye suka yo tudu da kuka, gabas ta fara haɗa baƙin hadari irin wanda ke kan allonsa.

Fiken ta yi kukan kura ta danna babban yatsa kan ɗanyen fentin, ta share ƙyallen da facin da sandar da ke riƙe da su. Nufinta ta shafe jirgin duka, kada teku ta gane shi. Mai zanen ya cafke hannunta yana ihu, tana fizgewa tana zaginsa, har ruwan sama ya kece, shi kuma ya kwashi kayansa ya ruga.

Yini guda tana kan dutsen nan, jiƙe sharkaf. Jirage suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta taho da gudu, ba shi ba. Sai da rana ta yi gora aka hango wani abu yana tahowa a hankali, ana tuƙa shi da filafili. Krischan ne, da ransa. Ba ƙyalle, ba faci, sandar ta karye daga gindi.

Ya ce, "Kamar hannu ne ya sauko ya share su, tashi ɗaya."

Fiken ta dubi gangar jirgin da ta rage, ta dubi jan fentin da ke ƙarƙashin farcenta, ta tuna ba don mai zanen ya riƙe mata hannu ba, da jirgin duka ta shafe. Nan ta zube kan yashi.

Ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, ta binne Krischan da furfurarsa, yatsan nan bai sake fitowa ba. Na sha ce mata, "Maƙwabciya, ga maigidana can yana minshari, ɗan goge min shi mana." Ko sau ɗaya ba ta yi dariya ba. Sai dai ta ƙara matse hannun, ta waiga wajen teku.